Furen da Injiniya Ya Hana Barci

Babu wanda ya san ranar da aka naɗa shi Injiniya, domin shi ya naɗa kansa. Aikin da ya yi har ya ajiye shi ne jan waya a gidajen mutane, ya hau tsani ya sauko, ya ɗaura ƙwan fitila ya kwance. Amma idan ya baje a bencin ƙofar shagon Tela da yamma ya fara ba da labari, sai ka rantse shi ya koya wa walƙiya haske. Ba a taɓa kawo wata matsala a gabansa ba, daga ciwon gwiwa har rashin jituwar miji da mata, da bai ce ƙarancin wuta ne ya jawo ta ba.

Abu ɗaya ne ke rage masa armashi, wato tsakar gidansa. Kowace shekara damina na fara ja baya, matarsa Hajiya za ta taka kujera ta kwance ƙwan da ke can, ta naɗe shi a tsumma ta jefa cikin kwaba. Sai gidan mai wuta ya zama shi ne mafi duhu a layin, Tela kuwa ba ya gajiya da tambayarsa ko yana bukatar aron tocila.

Duk saboda wata shuka ce da mutanen layin ke kira jan-kai. Shekara guda cur tana nan kore shar, ba ta da abin kallo, sai ruwa ya ɗauke, kaka ta shigo, dare ya fara tsawo, sannan ganyen samanta ya rikiɗe ya yi jawur. Hajiya tana da su jere a tukwane gefen katanga, amma uwarsu ita ce wata ramammiya a tsohuwar tukunyar ƙasa mai tsaga, wadda ta gada daga mahaifiyarta, marigayiya Inna. Daga jikinta aka yi ta yankan reshe ana dasawa, har ya zama duk jan-kan da ke layin 'ya'yanta ne da jikoki. Hajiya ba mai yawan magana ba ce, amma takan ce ranar da tukunyar nan ta yi ja, ji take kamar Inna ta leƙo ta gaishe ta. Sau ɗaya ake wannan gaisuwa a shekara, idan ta wuce sai baɗi.

To, a wannan shekarar sai autarsu ta haifi tagwaye a wani gari mai nisa, jikinta kuma ba ƙwari, dole Hajiya ta je ta daɗe. Tana cikin haɗa kaya ta ce za ta bar wa matar Mai Kemis, maƙwabcinsu na jikin katanga, mabuɗin ƙofar baya don ta riƙa shigowa ba shukar ruwa. Injiniya ya ajiye kofin shayinsa kamar an mare shi.

"Ina raye, da hannuna da ƙafata, za ki ba maƙwabta kiwon ganye? Ni da na haska asibiti guda?"

"Ƙofar asibitin ka haska," in ji Hajiya, tana ninke zane.

Bai bar ta ta sha ruwa ba sai da ta miƙa masa mabuɗin. Ta ce ruwa da safe kawai, kada ya ƙara komai, kuma don girman Allah kada ya taɓa ƙwan tsakar gida. Ta fara yi masa bayanin dalili, tana cewa ita shukar nan idan dare ya yi, sai ya katse ta da cewa ba a koya wa Injiniya yadda haske ke aiki. Ya yi mata alkawarin za ta dawo ta tarar da jan da ko Inna ba ta taɓa gani ba. Hajiya ta dube shi ta dubi tukunyar, ta shiga mota zuciyarta ba daɗi.

Motar ba ta gama fita layin ba ya isa bencin Tela da sabon ilimi. Ya ce kowa ya san shuka haske take ci. Rana kuwa malalaciya ce, rabin yini take aiki ta tashi, ta bar shuka da yunwa har gari ya waye. Idan da rabin abinci jan-kai ke yin wannan ja, to wanda aka ciyar dare da rana fa? Tela ya ce shi dai bai taɓa jin an yi wa rana ƙarin aiki ba. Injiniya ya ce ai shi ya sa yake tela.

Washegari ya buɗe ɗakin ajiya ya fito da duk tarkacen da ya tara a shekarun aikinsa, manyan fitilu irin na filin ƙwallo, da nadin waya, da wani ƙarfe dogo da ya kafa a tsakar gida. Wurin da ƙarfen zai tsaya kuwa daidai inda tukunyar Inna take ne. Ya dube ta, ga rama, ga tsaga, ya ce wannan ai ɓata sahu take yi. Ya kinkime ta ya kai lungun bayan tankin ruwa, inda tankin ke ɗiga tun shekarar da ya ce zai gyara shi, ya jingina wani tsohon fallen kwano ya tare bakin lungun don kada baƙo ya gani. Daga nan bai ƙara tunawa da ita ba.

Washegarin daren da ya fara kunna fitilun, da safe Mai Kaji, wata bazawara da ke zaune a bayan gidan, ta zo da idanu a kumbure. Ta ce zakaranta ya kwana yana cara har muryarsa ta dishe, kajin kuma sun ƙi shiga akurki suna ta kiwo kamar tsakar rana. Injiniya ya ce ta gode masa, ya ninka mata lokacin aikin kajinta ba tare da ta roƙa ba.

Bayan zakara sai ƙwari. Duk wani ƙwaro mai fiffike da ke garin ya samu labarin an buɗe sabon wuri, suka yi ta zuwa da iyalansu. Ƙwari suka jawo kwaɗi, kwaɗin suka tare ƙarƙashin tukwane suka yi ƙiba, har ya zama Injiniya ba ya saka takalmi sai ya zazzage shi. Wani direban babbar mota ya taɓa tsayawa ya buga ƙofa yana tambaya ko akwai ɗakin kwana. Wasu mata kuma suka yi kwalliya suka shigo da sallama, wai sun hango haske sun ɗauka taro ake yi. Duk wannan Injiniya ya kwashe ya kai benci a matsayin shaidar cewa aikinsa ya yi suna.

Gaskiya kuma shukokin sun yi girma. Suka miƙe suka yi tsawo, ganye faffaɗa, kore har yana sheƙi. Ya riƙa jawo masu wucewa da hannun riga su zo su gani, yana cewa wannan duk shiri ne, jan yana taruwa a ciki.

Sai kaka ta shigo sosai. Na ƙofar Tela ya fara ja a baki-baki. Na Mai Kaji, wanda ke can gaban gidanta cikin tsohon bokiti kaji na tona gindinsa, ya bi baya. Kafin wani lokaci duk layin ya kama, kowace ƙofa da nata jan, har masu wucewa na tsayawa ɗaukar hoto. Gida ɗaya ne ya rage kore, gidan da kowa ya samo iri. Duk da haka bakin Injiniya bai mutu ba. Ya ce na maƙwabta ja ne na yunwa, nasa na ƙoshi yana tafe.

Hajiya ta bugo waya ta tambayi lafiyarsa a taƙaice, sannan ta tambayi jan-kanta, wanda dama shi ya sa ta bugo. Ya ce ja kamar garwashi. Ta ce ya turo mata hoto. Ya ɗauki tsani ya jingina a katanga, ya leƙa gidan Mai Kemis ya ɗauko hoton nasu ya tura. Ba a jima ba amsa ta zo, tana cewa furen ya yi kyau, kuma ya gaishe mata da matar Mai Kemis, ta ga har yanzu tana shanya zanen nan mai ɗigo-ɗigo. Ya ce iska ce ta kawo zanen.

Ya kwana yana tunani ya tashi da gyara. Kuskuren, in ji shi, farin haske ya yi ta ba su, ina za su samo ja? Ya kwance fararen ƙwayaye ya ɗaura jajaye. Gidan ya koma kamar bakin murhu, tsofaffin layin suka fara tsallaka titi idan sun zo wucewa, shukar kuwa ko gezau.

Ranar nan Mai Kemis ya shigo da kansa. Mutum ne mai sanyin hali, irin wanda ke karanta takardar cikin kwalin magani har ƙarshe. Ya ce Injiniya ya zo ya ga wani abu. A tsakar gidansa akwai jan-kai babba a jikin katangar da ta raba su. Ɓangaren da ke kallon ɗakinsu ya yi jawur, ɓangaren da hasken Injiniya ke tsallakowa ya sauka a kai kuwa kore ne shar, kamar an raba da almakashi.

"Ni ban san dalili ba," in ji Mai Kemis, "amma ido na gani. Ka kashe fitilun nan ko na mako guda mu gani."

Injiniya ya zagaya shukar hannu a baya, ya ɗaga ganye ya sunsuna. Ya ce ai wannan babbar hujja ce. Ga shi gefen da ya samu haskensa ya ƙi tsufa, ɗayan gefen kuwa har ya nuna ya kusa zubewa. Da ana adalci, Mai Kemis ne zai zo masa godiya. Mai Kemis ya bi shi da kallo har ƙofa, ya ce Allah ya dawo da Hajiya lafiya.

Addu'ar ta karɓu da wuri. Surukinsa, mijin auta, ya bugo ya ce jibi da yamma zai kawo ta da kansa. Injiniya ya tsaya tsakar gida cikin dajin korensa, kwaɗi na kallonsa. Da mutum ne mai jin magana, da a nan zai tsaya ya shirya ban haƙuri. Shi kuwa sai ya nufi shagon Tela ya ja shi can ciki bayan keke, ya tambaye shi ko yana da jan yadi.

Akwai wani jan shafi mai santsi, irin na leda-leda da ake sa wa cikin riga, wanda ya daɗe a shagon an rasa mai so. Tela ya ce zuba yake yi, kuma ba ya shiri da zafi. Injiniya ya ce ba wanki zai yi ba, ba guga zai yi ba. Tela ya ga abin dariya na zuwa har gida, ya zauna ya yanka masa ganye cike da buhu, har da ɗan tsini a baki. Injiniya ya kulle ƙofa ya wuni yana ɗaure su a kan rassan da siririyar waya, yana murɗewa da filaya. Da ya gama ya ja da baya ya duba, sai ga shi daga nesa abin ya yi kyau ƙwarai. Kyan nan ne ya ƙarasa shi. Maimakon ya lallaɓa Hajiya ta shigo a gajiye ta wuce ɗaki, sai ya bi gida-gida yana gayyatar mutane su zo tarbarta su ga yadda ilimi ke aiki. Ya ja igiya a gaban tukwanen, wai kada numfashin jama'a ya dame su.

Motar ta iso rana na shirin faɗuwa. Tsakar gida cike, Tela a gaba ya samu kujera mai kyau, Mai Kaji ta harɗe hannu, Mai Kemis da matarsa a gefe. Injiniya ya sha farar riga da farar hula. Hajiya ta shigo ana yi mata sannu da zuwa, ta hango ja daga bakin ƙofa, sai fuskarta ta saki, har ta dafa ƙirji. Surukin ya ce ma sha Allah, Baba, ashe da gaske ne. Da Injiniya ya bar abin a nan, da wataƙila ya samu daren guda na mutunci.

Amma kalmar surukin ta hau masa kai. Ya ce ai ba su ga komai ba, bari su gani a cikin haske. Tela ya yi gyaran murya mai ƙarfi, Injiniya bai ji ba. Ya danna makunni, fitilun duka suka kama, farare da jajaye, domin ya mayar da kowanne don ranar. Shukokin kuwa sun yi tsawon da kawunansu ke gogar ƙwayayen.

Yana tsakiyar jawabi a kan lalacin rana sai Mai Kaji ta ce ita fa tana jin ƙauri. Ganyayen sama suka fara nannaɗewa, suna tsukewa, suna ɗiga. Wani ya kama hayaƙi. Wata yarinya ta tambayi uwarta ko dama fure na narkewa. Injiniya ya ce sabon iri ne, yana faɗa yana ja da baya wajen tiyon ruwa.

"Kashe wutar tukuna!" in ji Mai Kemis, wanda ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba.

Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana gargaɗin mutane kada su haɗa ruwa da wuta, shi ne ya saita tiyo ya buɗe. Ruwan sanyi ya sauka a kan ƙwayaye masu zafi, suka shiga fashewa ɗaya bayan ɗaya. Kwaɗi suka fito daga ƙarƙashin tukwane suka bazu cikin ƙafafun mata, aka yi ta tsalle ana zubar da takalma. Shafin ya jiƙe ya saki launinsa, jan ruwa ya yi ta tsiyaya daga rassan yana sauka a kan farar hula da farar riga. Can a kan turken wutar bakin layi wani abu ya yi ƙara, sai kowane gida ya ɗauke ɗif.

A ɗan hasken da ya rage na yamma, ga shukoki kore rataye da jiƙaƙƙun ƙyallaye, ga Injiniya riƙe da tiyo, ja tun daga hula har ƙirji. Tela ya ce alhamdu lillahi, ko ba komai wani abu ya yi ja a gidan. Dariyar da aka daɗe ana dannewa ta ɓalle, har surukin ya juya baya kafaɗunsa na rawa.

Hajiya kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta tsallake igiyar ta bi tukwanen ɗaya-ɗaya, ta tsaya a gindin ƙarfen da aka kafa. Muryarta a ƙasa take, amma kowa ya ji.

"Ina tukunyar Inna?"

Dariya ta mutu. Injiniya ya manta da ita sarai, ko ɗigon ruwa bai kai mata ba tun ranar da ya ɗauke ta, kuma ya san abin da ake tararwa a tukunyar da aka yi wa haka. Ya ga idon matarsa ya ciko, sai kunya ta gaske ta kama shi, irin wadda ba ta da alaƙa da 'yan kallo. Ya nuna bayan tanki da bakin tiyo.

Surukin ne ya je ya janye fallen kwanon. A lungun nan, inda tanki da katanga suka tare fitilun Injiniya, rana na leƙowa ta sama da hantsi, tankin da bai gyara ba yana ɗiga mata ruwa, ramammiyar shukar Inna ta yi ja tun daga sama har rassan ƙasa, jan da babu irinsa a layin. Hajiya ta durƙusa a cikin taɓon ba ta damu da zanen tafiyarta ba, ta shafa ganyen da bayan hannu, tana kuka tana murmushi. Ta ce Inna takan ce shukar nan sai ta ƙoshi da barci take yin ja, ko fitilar kwano ba ta bari a wuce da ita kusa idan kaka ta shigo. Abin da ta so gaya masa ke nan ranar tafiya.

Injiniya ya ga ƙofar tsira ta buɗe, ya gyara jiƙaƙƙiyar hularsa. Ya ce to ai shi ya sa ya ɓoye ta a can, gwaji ne irin na masana, a raba kashi biyu a gani. Ya matso zai kama tukunyar. Hajiya ta ɗaga hannu ɗaya, ya tsaya cak. Ita da matar Mai Kemis suka ɗauke ta suka kawo bakin ƙofar ɗaki. Sannan ta miƙa masa tafin hannu. Ya laluba aljihu ya ciro mabuɗin ƙofar baya ya sa mata, ita kuma a gaban kowa ta miƙa wa matar Mai Kemis.

Mutane suka fara watsewa suna laluben takalma, kowa na tambayar wa zai je ya kira masu gyaran wuta. Injiniya ya rako su har ƙofa yana ɗiga. Ya dubi layin daga wannan kai zuwa wancan, babu ƙwai ko ɗaya da ke ci, sai ya kama hannun Mai Kemis.

"Ka ce in kashe na gidana," in ji shi. "Ni kuwa ba na aikin rabi. Ga shi na kashe wa kowa, ka je ka gaya wa furenka ya kwanta."